BABI NA BAKWAI: YADDA AKE SHIRYA ZANE MAI MOTSI DOMIN 'YAN KASUWA

7.0 Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da kamfanoni da bankuna da sauran 'yan kasuwa ke bi domin isar da saƙo ga jama'a akwai zane mai motsi, wanda wasu ke kira katun. Akan ga irin wannan zane a talabijin da wayar hannu da manyan allunan talla na lantarki. Mai kallo yakan gama da shi cikin rabin minti, amma waɗanda suka shirya shi sukan shafe makonni suna aiki a kansa. A wannan babi an yi bayanin matakan da ake bi tun daga lokacin da ɗan kasuwa ya ba da aikin har zuwa ranar da aka miƙa masa shi, tare da nuna matsayin harshe a cikin waɗannan matakai. Dalili kuwa shi ne, kalmomi ake fara tsayarwa kafin a zana komai, kuma a nan ne ake buƙatar wanda ya naƙalci Hausa. Ana sa ran a ƙarshen babin ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar zane mai motsi da ire-irensa;
(b) jero matakan shirya shi bisa tsari;
(c) bayyana dalilin da ya sa gyara ke ƙara tsada yayin da aiki ke yin nisa;
(d) nuna matsalolin harshe da na al'ada da kan taso idan da Hausa aka shirya tallar.

7.1 Ma'anar Zane Mai Motsi

Zane mai motsi jerin hotuna ne sandararru, kowane ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, waɗanda idan aka haska su a jere cikin sauri sai mai kallo ya ga kamar abin da aka zana yana motsi. A sinima akan haska hotuna 24 a kowace daƙiƙa, a tsarin talabijin irin na Nijeriya da ƙasashen Turai kuwa hotuna 25. Ke nan talla mai tsawon daƙiƙa 30 tana ɗauke da hotuna 750. Ko da mai zane ya bar kowane zane ya tsaya tsawon hotuna biyu, kamar yadda aka saba yi domin rage wahala, sai ya samar da zane 375.

Wannan lissafi shi ne tushen bambancin da ke tsakanin zane mai motsi da fim ɗin da ake ɗauka da kyamara. Mai ɗaukar fim yana iya ɗaukar fitowa ɗaya sau biyar, daga baya ya zaɓi wadda ta fi kyau. Mai zane ba shi da wannan dama, domin duk abin da ya bayyana a allo, daga inuwar bishiya har ƙiftawar ido, sai wani ya zauna ya ƙirƙire shi, kuma sai an biya kuɗin lokacin da ya ɓata.

Ire-iren zane mai motsi da aka fi amfani da su wajen kasuwanci sun haɗa da:

(a) zanen hannu, inda ake zana motsi ɗaya bayan ɗaya a takarda ko a allon kwamfuta;
(b) zanen gaɓoɓi, inda ake zana mutum sau ɗaya, a rarraba gaɓoɓinsa, sannan a riƙa motsa su a kwamfuta;
(c) zanen 'yartsana, inda ake ƙera siffa da yumɓu ko roba, a riƙa gusa ta kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto;
(d) zane mai fuska uku, wanda ake gina siffofinsa a kwamfuta da tsawo da faɗi da kauri;
(e) rubutu da alamomi masu motsi, wanda bankuna da kamfanonin sadarwa suka fi so wajen bayanin yadda ake amfani da hajarsu.

7.2 Taƙaitaccen Tarihi

Dangantakar zane mai motsi da kasuwanci tsohuwa ce. A shekarar 1908 Bafaranshe Emile Cohl ya fitar da Fantasmagorie, wanda ake lissafawa cikin fina-finan zanen hannu na farko. Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka gane amfanin wannan fasaha. Walt Disney kansa ya fara koyon sana'ar ne a shekarar 1920 a wani kamfanin shirya tallace-tallacen sinima da ke birnin Kansas na Amurka, inda ake yanka takarda ana motsa ta a gaban kyamara. A Ingila, sashen fina-finai na hukumar gidan waya ya ɗauki nauyin fim ɗin A Colour Box na Len Lye a shekarar 1935. A kan zaren fim ɗin kai tsaye aka shafa launukan, saƙon da ke ƙarshensa kuwa shi ne sanar da sauƙin kuɗin aika ƙunshi. Haka nan kamfanin Pixar ya fara shirya tallace-tallace a shekarar 1989, ya yi wa Tropicana da Listerine aiki, kafin ya fitar da Toy Story a shekarar 1995. Abin lura a nan shi ne, aikin kwangila ya kasance makaranta kuma hanyar samun abinci ga masu wannan fasaha tun farkonta.

7.3 Waɗanda Aikin Ya Shafa

Ɓangarori uku ne galibi ke haɗuwa a irin wannan aiki. Na farko shi ne mai ba da aiki, wato ɗan kasuwa ko kamfanin da zai biya kuɗi. Na biyu shi ne kamfanin dillancin talla, wanda kan tsaya tsakani idan aikin babba ne, ƙananan 'yan kasuwa kuwa sukan tafi wurin masu zane kai tsaye. Na uku shi ne gidan zane, wanda ya ƙunshi furodusa mai kula da kuɗi da lokaci, da darakta, da marubuci, da masu zane, da masu sanya murya, da mai haɗa sauti. A ƙaramin gidan zane mutum ɗaya yana iya riƙe uku daga cikin waɗannan ayyuka.

Bambancin wannan aiki da fim ɗin nishaɗi shi ne, a nan saƙon na mai ba da aiki ne. Ba a auna nasarar zanen da kyansa kaɗai, sai an duba ko ya biya buƙatar da aka yi shi dominta.

7.4 Matakan Aiki

Domin sauƙaƙa bayani, a ƙaddara cewa wani kamfani mai sarrafa garin kuka a leda ya nemi a shirya masa talla ta daƙiƙa 30 da Hausa. Da wannan misali za a bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

7.4.1 Takardar Buƙata da Yarjejeniya

Aiki yakan fara da zama tsakanin ɓangarorin, inda ake amsa tambayoyi kamar haka: Wa ake son ya kalli tallar? Wane abu guda ake son ya riƙe? Me ake son ya yi bayan ya kalla? A ina za a nuna ta? Nawa aka ware, kuma yaushe ake son ta? Amsoshin su ake tattarawa a takardar buƙata. A misalin garin kuka, masu kallo su ne matan aure masu girki, saƙon kuwa shi ne garin ba shi da yashi.

Daga nan sai a rubuta yarjejeniya. A cikinta akan bayyana kuɗin aiki da kafin alƙalami da lokutan biyan ragowar, da yawan gyaran da mai ba da aiki ke da ikon nema a kowane mataki, wanda galibi bai wuce sau biyu ko uku ba. Duk gyaran da ya haura wannan adadi, kuɗinsa daban ne.

7.4.2 Rubutun Talla

Marubuci yakan raba takardarsa gida biyu, gefe guda abin da za a gani, ɗaya gefen abin da za a ji. Ga yadda rubutun misalin zai iya kasancewa:

Daƙiƙa 1 zuwa 6. Hoto: uwargida a madafi ta ɗanɗana miya ta yamutsa fuska. Murya: "Uwargida, yashi ya ɓata miki miya?"

Daƙiƙa 7 zuwa 16. Hoto: ganyen kuka a inuwa, sai injin niƙa, sai rariya uku a jere. Murya: "Ga garin kuka mai tsafta: an shanya a inuwa, an niƙa, an tankaɗe sau uku."

Daƙiƙa 17 zuwa 24. Hoto: ana cin tuwo, maigida ya miƙo kwano. Murya: "Miya ta yi daɗi, maigida ya nemi ƙari."

Daƙiƙa 25 zuwa 30. Hoto: ledar garin da sunan kamfani. Murya: "Ku neme shi a shago mafi kusa da ku."

Kalmomi 38 ne kacal a wannan rubutu, kuma da gangan aka bar sarari domin kiɗa da numfashi. Hanyar tabbatar da tsawon rubutu ita ce marubuci ya karanta shi a bayyane yana duban agogo, da irin saurin da mai sauraro zai iya fahimta. Bayan haka sai a kai wa mai ba da aiki ya karanta ya sa hannu.

7.4.3 Siffanta Taurari da Allon Labari

Idan rubutu ya tsaya, sai mai zane ya fito da siffar kowane tauraro ta gaba da ta baya da ta gefe, tare da tufafinsa da yanayin fuskarsa cikin fara'a da fushi da mamaki. Wannan takarda ita kowane mai zane zai riƙa dubawa domin kada kamannin uwargida su sauya daga fitowa zuwa fitowa. Akan kuma zana hoto ɗaya ko biyu cikakku da launi, domin mai ba da aiki ya ga yadda tallar za ta kasance, musamman launukan kamfaninsa.

Allon labari kuwa jerin ƙananan zane-zane ne marasa ado, kowane yana wakiltar fitowa guda, an rubuta maganar da ta dace a ƙarƙashinsa. A gidan zanen Disney aka bunƙasa wannan dabara a farkon shekarun 1930, daga baya masu fim da masu talla suka ɗauka. Amfaninsa shi ne ana iya cire zane guda ko a sauya masa wuri cikin 'yan mintoci.

7.4.4 Ɗaukar Murya da Fim Ɗin Gwaji

A mafi yawan gidajen zane, murya ake fara ɗauka kafin a fara motsa zane, saboda da tsawon furuci ake auna tsawon motsi. Bayan an ɗauki muryar, sai a jera hotunan allon labari a kanta, kowane ya tsaya daidai daƙiƙoƙin da aka ware masa. Abin da aka samu shi ne fim ɗin gwaji. A nan ne akan gane cewa wata fitowa ta yi gajarta, ko sunan kamfani bai daɗe a allo yadda za a iya karanta shi ba. Sa hannun mai ba da aiki a wannan mataki ya fi kowane muhimmanci, domin daga nan aiki mai tsada ke farawa.

7.4.5 Motsa Zane

Babban mai zane yakan fara da manyan matsayai na motsi, misali hannun maigida a kan cinya da kuma hannun a miƙe riƙe da kwano. Hotunan da ke tsakani mataimaka ne ke cike su, ko kuma kwamfuta ta lissafa su mai zane ya gyara. Daga cikin manhajojin da ake amfani da su akwai Toon Boom Harmony da Adobe After Effects da Autodesk Maya da kuma Blender, wadda kyauta ce. A zane mai fuska uku akwai ƙarin aiki na gina siffa, da sanya mata ƙasusuwan da za a riƙa motsa ta da su, da haske, sannan a bar kwamfuta ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya, abin da kan ci sa'o'i masu yawa.

7.4.6 Haɗawa da Miƙawa

A mataki na ƙarshe ake haɗa taurari da bango da rubutu, a ɗora kiɗa da ƙananan sautuka irin su tafasar miya da ƙarar cokali, a daidaita su yadda ba za su danne murya ba. Akan fitar da tallar cikin siffofi daban-daban, mai faɗi domin talabijin, mai tsayi domin wayar hannu, wani lokaci kuma da gajeriya ta daƙiƙa 15. Akan kuma sanya rubutun magana a ƙasan allo saboda masu kallo ba tare da sauti ba.

7.5 Dalilin Bin Matakai a Jere

Hausawa na cewa, tun ran gini ran zane. An tsara matakan nan ne daga mai arha zuwa mai tsada, kuma kowane yana zaune a kan wanda ya gabace shi. A ƙaddara mai kamfanin garin kuka ya tuna cewa sau biyu ake tankaɗe garinsa. Idan a matakin rubutu ya faɗa, kalma ɗaya za a soke. Idan a matakin allon labari ne, sai a ƙara da goge rariya ɗaya. Idan kuwa sai da aka gama motsa zane, to dole a sake kiran mai murya, a sake biyan ɗakin ɗaukar sauti, a sake zana fitowar ta daƙiƙa 10, wato hotuna 250, a sake haɗawa da fitarwa a kowace siffa. Mafi yawan saɓanin da ke aukuwa tsakanin masu zane da masu ba da aiki daga irin wannan makararren gyara yake tasowa. Shi ya sa ake son mai ba da aiki ya naɗa mutum guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma duk amincewa ta kasance a rubuce.

7.6 Matsayin Harshe da Al'ada

Tunda rubutu da murya su ne harsashin aikin, kuskuren harshe yakan bi zanen har ƙarshe. Ga wasu wuraren da ya kamata a kula da su:

(a) Karin sauti da tsawon wasali. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna su a rubutu. Kalmar gari mai dogon wasalin farko ita ce abin da aka niƙa, mai gajeren wasali kuwa mazaunin jama'a. Haka kuma kuka mai karin sama-ƙasa ita ce bishiya, mai karin sama-sama kuwa zubar da hawaye. Mai sanya muryar da bai ƙware ba yana iya mayar da hajar kamfani birnin masu hawaye. Saboda haka wajibi ne masanin Hausa ya kasance a ɗakin ɗaukar murya.

(b) Motsin leɓɓa. Masu zane suna da 'yan siffofin baki ƙalilan da suke maimaitawa. Dole leɓɓa su haɗu wajen furta b da ɓ da m, su kewaye wajen u da o da w da kw da gw da ƙw. Baƙi mai ƙarfi kamar na babba yana buƙatar leɓɓa su daɗe a rufe, dogon wasali kuma yana cin hotuna fiye da gajere. Har ila yau, da leɓɓa biyu Bahaushe ke furta f, saɓanin Ingilishi inda haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Mai zanen da ya ɗauki jadawalin bakin Turawa bai gyara ba zai ba uwargida bakin da ba nata ba.

(c) Fassara. Sau da yawa da Ingilishi ake shirya talla sannan a nemi a ɗora mata Hausa. Tsarin gaɓar Hausa yakan tsawaita kalmomin aro: asalin kalmomin banki da burodi gaɓa ɗai-ɗai ne a Ingilishi, a Hausa kuwa biyu da uku. Tunda an riga an ƙayyade daƙiƙoƙi, mai fassara zai ɗauki ma'ana ne ya sake gina ta da Hausa mai gajarta, maimakon ya tilasta wa mai murya yin gudu. Abin da ya fi shi ne a sanar da gidan zane tun farko cewa za a yi tallar da harsuna da yawa, domin a bar sarari.

(d) Haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutun kwamfuta ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan suka ɓace, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Ya kamata a gwada salon rubutun tun a matakin siffantawa.

(e) Jinsi da karin harshe. Hausa tana bambanta ka da ki, don haka marubuci zai tantance wanda yake magana da shi. A misalin da ya gabata an fara da miki saboda uwargida, aka rufe da ku domin a game kowa. Idan tallar za ta tsallaka iyaka, a lura cewa jaka a Nijeriya Naira 200 ce, a Nijar kuwa jikka sefa 1,000 ce.

(f) Al'ada. Masu zane kan juya hoto a kwamfuta domin tauraro ya fuskanci ɗaya ɓangaren ba tare da an sake zana shi ba. Yin haka yakan mayar da hannun dama hagu, sai a ga maigida yana cin tuwo ko yana miƙa kwano da hagu, abin da mai kallo Bahaushe ba zai yafe ba. Haka nan a kula da sutura da yanayin gaisuwa da zama tsakanin manya da yara.

7.7 Doka da Haƙƙin Mallaka

A Nijeriya, dokar shekarar 2022 ta kafa hukumar kula da harkokin talla da aka fi sani da ARCON, wadda ta maye gurbin APCON da aka kafa a shekarar 1988. Akwai kwamitin da ke tantance talla kafin a nuna ta ga jama'a. A shekarar 2022 ɗin ce kuma hukumar ta sanar da hana amfani da baƙi 'yan ƙasashen waje wajen fitowa ko sanya murya a tallace-tallacen da ake nufin 'yan Nijeriya da su, daga ranar 1 ga Oktoba. Tallar abinci da magani kuwa tana buƙatar amincewar hukumar NAFDAC. Ke nan da'awa irin ta tankaɗe gari sau uku dole ta zama gaskiyar da kamfani zai iya tabbatarwa.

Ta fuskar haƙƙin mallaka, biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya warware kowace tambaya. Ya kamata yarjejeniya ta fayyace a rubuce wanda ya mallaki taurarin da aka ƙirƙira, da ko za a miƙa ainihin fayilolin aikin, da tsawon lokaci da wuraren da aka yarda a yi amfani da murya da kiɗa. Kamfanin da bai kula da wannan ba yana iya samun kansa ba shi da ikon sake amfani da uwargidar da jama'a suka riga suka san hajarsa da ita.

7.8 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar zane mai motsi da ire-irensa da ɗan tarihin alaƙarsa da kasuwanci. An kuma bi matakan shirya shi, daga takardar buƙata zuwa rubutu da allon labari da ɗaukar murya da motsa zane har zuwa miƙawa. An nuna cewa kowane mataki ya fi na bayansa tsada, don haka gyaran harshe da na al'ada a farkon aiki ya kamata a yi shi. Marubuci da mai fassara da mai duba furuci suna cikin waɗanda gidan zane ke buƙata tun ranar farko, kuma waɗannan ayyuka ne da ɗalibin Hausa zai iya riƙewa idan ya haɗa sanin nahawu da sanin yadda aikin ke tafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne zane mai motsi? Kawo ire-irensa guda huɗu tare da bayani.
2. Hotuna nawa ke cikin tallar talabijin mai tsawon daƙiƙa 45? Nuna yadda ka yi lissafin.
3. Me ya sa ake ɗaukar murya kafin a fara motsa zane?
4. Kawo kalmomin Hausa guda biyar waɗanda karin sauti ko tsawon wasali ke sauya ma'anarsu, ka nuna yadda kowace za ta iya ɓata saƙon talla.
5. Tattauna abubuwa uku da ya wajaba yarjejeniyar aikin zane ta ƙunsa.

Aikin Yi

Zaɓi wata haja da ake sayarwa a kasuwar garinku. Rubuta mata talla ta daƙiƙa 30 mai gida biyu, na hoto da na murya, sannan ka zana allon labari mai hotuna shida. Karanta rubutun a gaban aji ana duba agogo, ka gyara shi har ya dace da lokacin.